Tirtha, kalmar da ta kai ni saman dutse a Indiya

Tun da na dawo 'yan uwa ke ta tambayata game da hoton nan da na ɗora a waya, ina tsaye a saman wani ƙaton dutse ba takalmi sai safa, bayana gonakin kwakwa har iya ganin ido. Wai ina ne nan, wai me ya kai ka, tunda kowa ya san jinyar Yaya ce ta fitar da ni. To bari yau na faɗa gaba ɗaya na huta, kalma ɗaya ce ta ja ni wajen, ita ce tirtha.

Daga Kano muka tashi a jirgin Habasha ni da Yaya, muka sauya jirgi a Adis Ababa, washegari muka sauka Bangalore a jihar Karnataka, can kudancin Indiya. Maganar biza da rajista da gwaje-gwaje da layin biyan kuɗi ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, duk wanda ya taɓa kai mara lafiya waje ya san ta. Aka yi wa Yaya aikin zuciya, Allah Ya sa aka dace, likita ya ce sai mun ƙara sati uku kafin ya bari ya hau jirgi. Sai muka kama ɗaki a wani gidan saukar baƙi kusa da asibitin, irin wanda masu jinya ke cikawa, kicin ɗaya ne kowa ya zo ya dafa abinsa.

A kicin ɗin nan na haɗu da dattijon. Lokacin ina azumin Litinin da Alhamis ina roƙa wa Yaya sauƙi, to duk ranar da na shigo dab da magariba da dabinona ina duba agogo, sai na tarar da shi yana sauri-sauri yana wanke faranti shi ma idonsa na kan agogo. Ni ina jiran rana ta faɗi na fara ci, shi yana tseren gama ci kafin ta faɗi. A karo na uku dai muka kalli juna muka yi dariya, ya ce min da Turanci, ɗana, ashe rana ɗaya muke gadi ni da kai. Ya ce shi mabiyin addinin Jain ne, ba sa cin komai bayan faɗuwar rana don gudun kada ƙwaro ya faɗa cikin abinci a duhu a kashe shi, ba nama ba kifi ba ƙwai, kai har albasa da tafarnuwa da dankali ba ya ci, wai duk abin da sai an tumɓuke shi daga ƙasa to an kashe shukar ɗungum da ƙananan halittun da ke jikinta. Ruwan sha ma sai ya tace da ƙyalle. Tsohon malamin makaranta ne, tarihi ya koyar da Sanskrit, tsohon harshen malamansu da littattafansu. Matarsa aka yi wa aikin gwiwa. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana.

Ita kalmar na riga na ji ta a asibiti. Wata mata 'yar Hindu ta zo duba mara lafiyan da ke gadon kusa da na Yaya da 'yar kwalbar ruwa, ta ɗiga masa a tafin hannu ya shanye, ta juyo ta miƙo mana tana cewa tirtha, tirtha. Na ɗora hannu a ƙirji na yi godiya na ce a'a, ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Sai na ajiye a raina cewa tirtha na nufin ruwan tubarraki na ɗakin bautarsu. Shi ya sa ranar da Baba ya ce ya yi alkawari in matarsa ta miƙe zai je tirtha, na ce masa Baba ruwan za ka je ɗebowa? Ya ajiye cokali ya ce zauna tukunna. Ya ce matar nan ba ta yi kuskure ba, a nan kudu haka suke kiran ruwan, amma asalin kalmar daga wani tushe ne da ke nufin ƙetarewa, tirtha shi ne wurin da kogi ya baje ya rage zurfi har mutum zai iya shiga da ƙafa ya fita ɗaya gaɓar. Daga nan aka kira matakalar bakin kogi da ake sauka wanka tirtha, aka kira wuraren ziyara da ke bakin ruwa tirtha, har ruwan da aka ɗebo daga can shi ma ya ɗauki sunan.

Wallahi yana faɗa sai na ji tsigar jikina ta tashi, na ce Baba ai mashigi kenan, muna da shi. Garin kakanninmu na wajen uwa a bakin kogin Haɗeja yake, muna yara in damina ta yi nisa kogi ya kawo, ba mai shiga sai an kira wani tsoho ɗan fito, da doguwar sandarsa da ƙaton gora. Shi ya san inda yashi ke da ƙarfi da inda rami yake, kuma mashigin ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara ruwa na matsar da shi, sai ya fara shiga shi kaɗai ya lalubo kafin ya ce a biyo shi. Ina tuna kaina a kan kafaɗa, ruwa na bugun ƙirjin wanda ya ɗauke ni, ina riƙe da kansa gam. Baba ya saurara har na gama, ya ce to shirya ka raka ni, kwana ɗaya ne, ka ga namu mashigin. Ɗan wata 'yar uwarmu da ke karatun haɗa magunguna a garin ya ce zai zauna da Yaya, Yaya ma ya ce Auta je ka sha iska, ka gaji da warin asibiti.

Da sassafe muka je babbar tashar da suke kira Majestic muka hau jar bas ta gwamnatin jiha mai zuwa Hassan. Kwandastar mace ce, da 'yar na'ura a wuya tana buga tikiti, wajen rufi 200 na biya, rufi shi ne kuɗinsu. Tafiyar kilomita 145 ce ko kusa da haka, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tun daga Bangalore har muka sauka ba a tsayar da mu ko sau ɗaya ba, in ban da wurin biyan kuɗin hanya. Ba gungume a titi, ba taya, ba wanda ya leƙo ya ce a sauko da kaya. Ni da na saba in zan yi tafiya a gida sai na ware canji a aljihun gaba, fasfona na riƙe a hannu tun daga tasha ina jiran inda za a tambaya, har gumi ya jiƙa bangonsa ba wanda ya kula. A wajen Kunigal aka tsaya karin kumallo, na ci idli, wani farin abu ne na shinkafa da wake da ake turarawa, taushinsa kamar waina amma ba mai, ana tsoma shi a miyar da suke kira sambar. Muka sauka Channarayapatna muka kama ƙaramar bas, kilomita 12 ko 13 sai ga duwatsu biyu sun taso daga cikin itatuwan kwakwa, gari a tsakaninsu, a kan babban kuwa tun daga nesa kana hango kai da kafaɗun mutum sun ɗara ginin da ke kewaye da su.

Sunan garin Shravanabelagola, sai da na yi kwana biyu ina maimaitawa kafin harshena ya saba. Baba ya fasa min shi, belagola farin tafki ne da harshen Kannada, ga tafkin ma a tsakiyar gari mai kusurwa huɗu da matakala ta kowane gefe, shravana kuma daga shramana yake, mai gudun duniya da ke horar da jikinsa.

Masauki ya ɗan ba ni wuya. Baba ya sauka a gidan baƙin masu ziyara, ni wurin farko da na je suna ganin fasfo suka ce ba sa karɓar baƙon waje, saboda akwai fom da doka ta ce sai an cike wa duk ɗan wata ƙasa, su kuma ba sa son wahalarsa. Wuri na biyu suka ɗauki hoton fasfo da biza suka ba ni ɗaki da fanka da bokiti a rufi 800. Na haɗa azahar da la'asar na yi ƙasaru, kuma har yanzu abin na ba ni mamaki, a can yamma ake kallo in za a yi salla. Mu da alƙibla da gabas suka zama abu ɗaya a bakinmu, har mu ce wane ba ya kallon gabas, sai ga ni na juya wa fitowar rana baya ina kabbara. Abincin rana kuwa a wata 'yar rumfa na ci shi, aka kawo min wani malmalallen abu baƙi-baƙi da miya, ragi mudde sunansa, yaron ya fara koya min wai ba a tauna shi haɗiyewa ake, na ce yaro bar ni da wannan, tuwon tamba ne. Rabon da na ci abin da ya zauna min a ciki haka tun Kano.

Da yamma Baba ya kai ni wani tsohon gini a cikin gari, Bhandari Basadi, wanda ma'ajin wani sarkin daular Hoysala ya gina a 1159. Ni Musulmi ne, na faɗa masa tun a mota cewa zan kalla amma ba zan rusuna wa komai ba, ya ce ba wanda zai nema daga gare ka. Na tsaya daga baya. A ciki siffofi 24 ne na baƙin dutse a jere, duk a tsaye, duk kama ɗaya, ba ka bambance su sai da alamar kowanne, na farko Rishabha bijimi, na 23 Parshva maciji, na ƙarshe Mahavira zaki, shi ne ya yi zamani da Buddha a arewacin Indiya wajen shekara 2,500 da suka wuce. Baba ya yi ƙasa da murya ya ce waɗannan su ne tirthankara, masu yin tirtha, wato masu buɗe mashigi. A fahimtarsu duniya kogi ce ta haihuwa da mutuwa da sake haihuwa ba iyaka, mashigin kuma yana ɓacewa in zamani ya yi nisa, sai wani ya zo ya sake lalubo shi. Na ce kamar yadda ruwa ke matsar da namu kowace damina. Ya ce haka ne ɗana.

Asuba ta gari muka nufi babban dutsen, Vindhyagiri, don in rana ta taso dutsen ƙuna yake kuma ba a hawa da takalmi. A gindinsa aka karɓi takalmanmu, Baba ya sa na bar bel ɗina na fata, na sayi safa a rufi 40 wajen wata tsohuwa. Matakala sama da 600 ce, a jikin dutsen kansa aka sassaƙa su, ba bishiya ba inuwa sai ƙarfen dafawa. Akwai ƙarti huɗu-huɗu da ke ɗaukar tsofaffi a kujerar kaba da aka ɗaure a sanduna biyu, suka taso wa Baba ya ɗaga musu hannu, mutumin da ya haura saba'in, ya ce alkawari ya yi da ƙafarsa. Muna hawa muna hutawa, cinyoyina na rawa, in na waiwaya sai na ga tafkin nan ya koma kamar faranti.

A tsakiyar hanya ne abin da ban shirya masa ba ya faru. Mutane suka dare gefe suna sunkuyawa, sai ga wani tsoho siriri yana saukowa tsirara haihuwar uwarsa, ba komai a jikinsa, hannu ɗaya da tsintsiyar gashin dawisu, wani na biye da shi da butar katako. Kunya ta rufe ni na kawar da kai, ban san inda zan sa idona ba, ga mata ga yara a wurin kuma ba wanda ya nuna ya ga wani abu. Baba ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa matakala. Da mutumin ya wuce sai ya ce min malaminsu ne, na ɓangaren Digambara, ma'ana wanda sararin sama ne tufarsa, ɗaya ɓangaren Shvetambara su fararen kaya suke sawa. Ba ya mallakar komai, ba ya hawa mota, sau ɗaya yake ci a rana a tsaye a tafin hannunsa, gashin kansa da hannu yake tuge shi, tsintsiyar kuma don share ƙwari ce kafin ya zauna kada ya danne su. Gaskiya har yau tsiraicin bai kwanta min ba kuma ba zai kwanta ba, tarbiyyata da addinina ba su ba ni wannan ba, amma ƙarya zan yi in na ce na ga alamar iskanci ko hauka a fuskar mutumin nan, ƙasa yake kallo yana taka dutse a hankali kamar mai tsoron tada barci.

Sai Baba ya ce, wannan da ya wuce shi ma tirtha ne. Na ce kai Baba, mutum kuma? Ya ce dutsen da muke kai tirtha ne na tsaye, malamin nan tirtha ne mai tafiya. Kuma wai a wajen malamansu babbar ma'anar kalmar ba wuri ba ce sam, jama'a ce, kashi huɗu, malamai maza masu gudun duniya, malamai mata, mabiya maza masu gida da sana'a, da mabiya mata. Waɗannan huɗun su ne mashigin da kowane tirthankara ke kafawa ya bari. Na tuna shi a kicin yana tace ruwa da ƙyalle na ce ashe har da kai a ciki, ya yi murmushi bai ce komai ba.

Da muka shiga farfajiyar sama na ɗaga kai sai da wuyana ya ƙage. Mutum-mutumi ne, tsayinsa ƙafa 57, daga dutse guda aka sassaƙa shi, yana tsaye hannaye a sake ba su taɓa jiki ba, an zana kurangar ganye ta nannaɗe ƙafafunsa da hannayensa, ga surin tururuwa a gefen sawunsa. Gommateshwara suke ce masa, ko Bahubali, kuma kafin wani ya tambaya ba shi da haɗi da fim ɗin da yaranmu ke kallo, suna ne kawai ya zo ɗaya. Chavundaraya ne ya sa aka yi shi a shekarar 981, waziri kuma sarkin yaƙin daular Ganga, a gindinsa akwai rubutu da Kannada da Tamil da tsohuwar Marathi. Abin mamaki shi Bahubali ba ya cikin 24 ɗin nan, ɗan na farkonsu ne. A labarinsu rigimar sarauta ce ta haɗa shi da wansa Bharata, maimakon a kashe sojoji sai aka ce su biyun su kara, kallon-kallo, da watsa ruwa, da kokawa, ya ci duka ukun, yana kan nasara sai abin ya ishe shi, wai a kan ƙasa zan wulaƙanta ɗan ubana, ya bar wa wan mulkin ya shiga daji ya tsaya cak shekara guda har ciyawa ta hau jikinsa. Ni wannan ɓangaren ya taɓa ni sosai, mu da muka san yadda rabon gado ke raba 'yan ɗaki ɗaya har a daina gaisawa.

Duk shekara 12 ake kafa masa katakon hawa a yi bikin da suke kira Mahamastakabhisheka, a kwarara masa madara da ruwan rake da kurkum da sandal tun daga ka. Baba ya halarci na watan Fabrairun 2018, na gaba sai 2030, ya ce bai sani ba ko zai kai. Ya nuna min siffar wata 'yar tsohuwa a gefe, Gullakayajji, wai a wankan farko duk madarar da wazirin ya tara ta kasa sauka ƙasan jikin, sai da tsohuwar nan ta zuba ɗan abin da ta kawo a ɓawon gauta sannan ta malale har cikin gari. Wani mai hidima ya zo da ruwan da aka wanke ƙafar siffar, Baba ya shafa a goshi, ya ce su ba sha suke ba kamar matar asibiti, shafawa suke, gandhodaka suke ce masa. Ni ya wuce ni, Baba ya riga ya yi masa magana.

A inuwar bango muka zauna muka yi gardamar da ta fi komai tsaya min a tafiyar. Na ce Baba in ka roƙe su suna amsa maka? Ya ce a'a, su sun ƙetare sun gama, ba sa ji ba sa bayarwa ba sa hanawa, kuma a addininsu babu mahalicci da ya yi duniya, kowa aikinsa ne ke ɗaure shi kuma shi zai kwance kansa, yana zuwa ne ya tuna hanya. Na ce to a nan muka rabu, ni da na kwana uku a ƙofar ɗakin tiyata da na masu tsananin jinya ba abin da nake sai kiran Allah, in da na yarda ba mai ji da ban san yadda zan yi ba. Kuma ɗan fiton garinmu in ya kai mutum gaɓa dawowa yake ya ɗauki na baya, sau goma sau ashirin a wuni, ban taɓa ganin ya haye ya zauna a can yana kallonmu ba. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce shi ya sa aka bar jama'a, malamin nan da ka gani ba zai ci yau ba sai wata mata ta dafa ta tsaya ta zuba masa a hannu, shi kuma ya karantar da ita, haka ake riƙe juna a cikin ruwan. Ban gamsu ba, shi ma bai gamsu da nawa ba, muka sha ruwan kwakwa a ƙasa rufi 50 kowanne, ya hana ni biya.

Ƙaramin dutsen, Chandragiri, bai kai wancan wuya ba kuma ba cunkoso, amma ni ya fi min nauyi. Duk inda ka taka rubutu ne a jikin dutse, garin gaba ɗaya na da rubuce-rubuce sama da 800, da yawansu na tunawa ne da mutanen da suka zo nan suka yi abin da suke kira sallekhana, wato in tsufa ko ciwo ya kai maƙura mutum ya riƙa rage ci da sha da kansa har rai ya fita. A 2015 babbar kotun jihar Rajasthan ta hana shi, kafin watan ya fita kotun ƙolin Indiya ta dakatar da hukuncin. Na ce wa Baba a wajenmu wannan haramun ne, rai amana ce, ya ce ya sani, su kuma ba sa ɗaukarsa kisan kai. Ya kai ni wani kogo da aka sassaƙa sawun ƙafa a ciki, kogon Bhadrabahu. A ruwayar Jain, fari na shekara 12 ne ya sa wannan malami ya taso da almajiransa daga arewa, tare da sarki Chandragupta Maurya, wanda ya kafa daular Maurya wajen shekara 321 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar gadon mulki a Pataliputra, Patna ta yanzu, ya ƙare rayuwarsa a kan dutsen nan, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Masana tarihi na jayayya a kan ruwayar, Baba da kansa ya faɗa min. Ya ciro takardar rufi ya nuna min zakunan da ke jiki, ya ce na jikan Chandragupta ne, Ashoka.

A nan ya ba ni ma'anar da ban taɓa zato ba. Ya ce akwai tsohon littafin mulki, Arthashastra, da ake jingina wa Kautilya wanda aka ce shi ne wazirin Chandragupta ɗin nan, a cikinsa manyan jami'an sarki 18 sunansu tirtha. Ya fara lissafowa ina fassarawa a raina, mantri waziri, purohita limamin fada, senapati sarkin yaƙi, yuvaraja yarima mai jiran gado, dauvarika sarkin ƙofa, samaharta mai tara haraji, sannidhata ma'aji, har da mai tsaron ganuwa da mai tsaron iyaka, kuma littafin ya ce sarki ya sa musu 'yan leƙen asiri dukkansu. A ganin Baba an kira su haka ne don ta kansu ake bi a kai ga sarki. Na ce Baba wannan ma muna da shi, a masarautunmu hakimi ko dagacin nesa yana da ƙofarsa a fada, wani bafade da ta hannunsa saƙonsa ke isa gaban sarki, mu ƙofa muka ce ku mashigi. Ya ji daɗin wannan har ya ciro biro ya rubuta ƙofa a bayan tikitin bas. Littafin ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a 1905 wani ma'aikacin laburare a Mysore, Shamasastry, ya gano shi cikin rubutun ganyen giginya da aka kawo musu, ya buga shi a 1909. Baba ya so mu ƙarasa Mysore ɗin na ga laburaren, ba nisa, amma hankalina ya riga ya koma kan Yaya. Muna saukowa ya ƙara min ɗaya, wai mabiya Buddha kuma a littattafansu tirthika suke kiran malaman da ba nasu ba, har da su Jain ɗin, kusan kamar a ce masu bin wani mashigin daban.

Jirgin ƙasa muka hau a komowa, layin bai daɗe ba, a 2017 aka buɗe shi, ya sauke mu a tashar Yeshwantpur da daddare. Duk abin da na kashe a tafiyar bai kai rufi 2,000 ba. Baba bai sa komai a baki ba tun da rana ta faɗi, ni na ci ayaba biyu a ɓoye don kada na ci a gabansa. A ƙofar gidan baƙin ya haɗa hannayensa ya ce Jai Jinendra, gaisuwarsu kenan, na ce masa Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Bayan kwana huɗu aka sallame su.

Na tarar da Yaya a zaune ya jingina da filo, ya ce Auta me ka gano? Na ce mashigi na gano Yaya, na kwashe labarin duka na ba shi, har na zo kan tsohon ɗan fiton nan da yadda yake ɗora ni a kafaɗa ruwa na bugun ƙirjinsa. Yaya ya kalle ni ya ce wa ya ce maka shi ne ya ɗauke ka? Ai tsohon nan ba ya ɗaukar kowa, gaba yake shiga da sandarsa, kaya kawai yake ɗorawa a gora. Ni ne nake saɓa ka, kana ja min kunne kana kuka, takalmanka a wuyana. Ya kai hannu ya dafa inda aka ɗinke a ƙirjinsa, ya ce ruwan nan iya nan yake kawo min. Na duba agogo tara ta wuce, na tashi na ɗauko masa maganin dare da ruwan ɗumi.